Ranar da Na Auna Famfon Gidanmu

Bakina ne ya jawo mini, kamar kullum. Ranar sunan ƙanina Habibu, mata sun cika tsakar gidanmu a unguwar Atrone har babu wurin ajiye takalmi, ina raba musu karkanji mai sanyi, wato zoɓo, sai wata ta tambaye ni me zan zama idan na ci bak, jarrabawar gama sakandare. Na ce malamar jami'a, kamar Gwaggo Balkisu.

"Ai duk Injamena babu mai hutunta," na ce. "Farar riga, alli, sai ta juye ruwa daga wannan kwalba zuwa waccan, a ce mata Dokta. Ni tun asuba nake juye ruwa daga bokiti zuwa kofi, ko sannu ba a ce mini ba."

Mata suka kwashe da dariya, sai kuma suka yi tsit gaba ɗaya. Ban ma juya ba na san wadda ke tsaye a bayana.

"Rakiya," in ji Gwaggo, "yaushe kuke fara dogon hutu?"

Gwaggo Balkisu ƙanwar Baba ce. Duk zuriyarmu mahauta ne tun muna unguwar Gardolé, ita kaɗai ta kauce ta karanta ilimin sinadarai, yanzu shekararta ashirin da wani abu tana koyarwa a jami'a. Ba ta mantuwa. Habibu na cika wata uku, damina ta kankama, sai ga mai babur a ƙofar gida ya ce Madam ta aiko a ɗauko yarinyar nan mai baki.

Kafin in shiga labarin sai na faɗi famfonmu, don shi ne kan maganar. Da Baba ya gina gidan Atrone, kafin ya sa ƙyauren ɗakinsa ya sa aka haƙa famfon tuƙa-tuƙa a bakin ƙofa, sadaka ga mahaifiyarsu Hajiya Kaka, Allah ya jiƙanta. Da yatsansa ya rubuta sunanta a jikin simintin tun yana ɗanye. Ya ɗaura kofin silba da igiya don masu wucewa. Gidaje sun fi goma da ke ɗiba a nan. Baba yana iya yafe wa wanda ya taka masa hula, amma ban da wanda ya kushe ruwan nan.

Labo, wato ɗakin gwaje-gwajensu, na zata zan tarar da sanyi irin na banki. Na'urar sanyin tana nan kam, tattabaru sun yi sheƙa a cikinta tun kafin a haife ni, jikokinsu ne ke ciki yanzu. Gwaggo ta miƙo mini farar riga da ta kai mini idon sawu, ta nuna mini baho cike da ƙananan kwalabe dogaye da suke kira tib.

"Wanke."

Na ji daɗi ƙwarai. Ni da nake wanke tukunyar miyar kuka ta mutum ashirin? Cikin minti goma na gama, na goge su ƙal da gefen mayafina, na jera. Gwaggo ta ɗaga ɗaya ta duba a taga, ta kwashe su duka ta mayar cikin bahon.

"Aikina na farko a ɗakin nan," ta ce, "tib ne irin waɗannan. Malamina Musye Nadji, wani dogon tsoho mutumin kudu, wata bakwai bai bar ni na taɓa komai ba sai baho. Sabulu, buroshi, ruwan famfo, sannan a ɗauraye sau uku da ruwan tururi, wanda aka tafasa aka tare tururinsa don babu komai a cikinsa. A kife su su bushe da kansu. Ba a gogewa. Mayafinki akwai turare, akwai gumi, akwai man gyaɗar ƙosan da kika ci a hanya. Duk za su shiga lissafi. Shi Musye Nadji zuba ruwa yake yi a tib ya juye. Idan ɗigo ɗaya ya maƙale a jiki, duka ɗari biyun za ki sake."

"Wata bakwai, Gwaggo? Ba ki kai ƙararsa ba?"

"Na kai, wurin babanki. Ya ce shi shekara biyu ya yi yana wanke hanji kafin a ba shi wuƙa."

Kwana huɗu na yi a bakin bahon nan. Yatsuna suka yi yaushi kamar busasshiyar kuɓewa. Rana ta biyar ta nuna mini ma'auninta, wanda ke zaune cikin akwatin gilas kamar amarya. Na leƙa na ce kai, sai lambobin suka fara gudu.

"Rufe bakinki," ta ce. "Numfashinki yake aunawa."

Wallahi na tsorata. A duniya an ƙera injin da ke kai ƙarar mai surutu, kuma aka kawo ni gabansa.

A kan wannan ma'aunin ta yi bincikenta na kanwa. Ta ce shekara shida tana zuwa yankin Kanem a bayan motar kaya, tana bin masu fasa kanwa cikin tafkuna, tana ɗebo ta kala-kala, fara da ja da mai ƙasa-ƙasa. Ta daka, ta narkar, ta ɗiga mata ruwan tsami ɗigo-ɗigo daga wani dogon bututun gilas mai 'yar makunni, tana ƙirgawa har launi ya juya. Ɗigo ɗaya ya wuce, aikin yini ya tashi. Duk don a san wacce ta dace da tukunyar miya, wacce kuma sai dai a ba raƙumi ya lasa. Da ta rubuta sakamakon ta aika wa wata mujalla a ƙasar waje, sau uku suna dawo mata da shi.

"Suka ce me?"

"Suka ce in sake aunawa."

"Kika zage su?"

"Na sake aunawa. Sau ɗaya suna da gaskiya."

Masu zuwa neman ta kuwa iri-iri ne. Akwai mata masu sayar da karkanji da ke son sanin me ya sa nasu ke yin tsami kafin azahar. Akwai masu haƙar famfo da ba sa son gwaji, takarda mai hatimi kawai suke so. Ta ce wani dillalin kanwa ya taɓa ɗaure mata rago a ƙofar labo don ta rubuta cewa tasa ta fi ta kowa. Ta auna, ta rubuta masa cewa kusan rabin buhunsa yashi ne, ta liƙa takardar a ƙahon ragon ta mayar masa.

Ajin da ya sa sunanta ya zaga jami'a kuwa, ɗalibanta ne suka ba ni labari, don suna shigowa labo ko a lokacin hutu. Wata shekara kayan gwaji suka ƙare kaf, ɗalibai kuma sun cika babban zauren karatu har wasu na zaune a taga. Sai ga Madam ta shigo da tulun karkanji, da lemon tsami, da kanwa a ƙullin leda, kamar mai zuwa biki. Ta zuba jan karkanji a babbar kwalba, ta jefa kanwa, ya koma kore. Wani daga baya ya yi salati da ƙarfi ya ce sihiri. Ta matsa lemo, ya dawo ja. Daga nan ta juya allo ta rubuta musu abin da ya faru a harshen sinadarai, kuma wai ranar ko tari ba a yi ba. Wasu malaman suka sa mata suna Madam Kicin. Yanzu, in ji ɗaliban, su ma da tulunsu suke shiga aji.

Amma abin da ɗalibanta suka fi tsoro shi ne abin da take kira kowa da rijiyarsa. Kowane ɗalibi zai zaɓi rijiya ko famfo ɗaya a unguwarsu, ya bi shi da awo shekara guda. A ƙarshe ba takarda zai ba Madam ba. Zai je gidan masu ruwan, ya zauna a tabarmarsu, ya gaya musu abin da ya gani da harshen da suke ji, Larabci ne, Ngambai ne, Fulatanci ne, ban da Faransanci. Madam na zaune a gefe, ba ta cewa uffan.

"Ke ma ki kawo naki gobe," ta ce da ni. "Famfon Hajiya."

Ta ba ni kwalba wankakkiya mai murfi. Na sa ta a jaka, na isa gida na manta da ita a jakar, jakar kuma ƙanwata ta tafi da ita islamiyya. Da safe na ga mai babur na jira, sai na zari wata gorar roba a bayan firigonmu na sanyaya ruwa, na ɗauraye ta sama-sama, na cika.

Gwajin da za mu yi na nitrat ne. Gwaggo ta ce wani gishiri ne da ba a gani, ba a jin ɗanɗanonsa, yana tsiyayowa cikin ƙasa daga masai da fitsarin dabbobi. Ana zuba wata hoda a tib ɗin ruwa, a girgiza, a jira minti goma. Idan akwai shi, ruwan zai yi ja-ja, sai a kara da wani kati mai launuka, wanda aka ja wa layi a tsakiya. Ƙasa da layi, a sha. Sama da layi, a bari. Kullum kuma ana haɗawa da tib na biyu mai ruwan tururi zalla, wanda take kira shaida. In shi ma ya yi ja, to wankinka ne ba shi da kyau.

Na zuba ruwan gidanmu a tib. Tun ban taɓa hodar ba na ga ya yi ja-ja. Na kurma ihun da ya tashi tattabarun nan duka.

"Gwaggo, mun mutu! Ko hoda bai jira ba!"

Ta karɓi gorar ta shinshina. Ta miƙa wa wani ɗalibinta ya shinshina. Ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

"Akwai citta," ta ce. "Akwai kanumfari. Sukari ya ɗan yi yawa. Rakiya, kin auna karkanjin uwarki."

Har masu shara sai da suka leƙo kallona. Amma ni daɗi na ji, don na ɗauka maganar ta mutu: jan na gorar ne, famfonmu lafiya lau. Washegari na zo da wankakkiyar kwalbar, na tuƙa famfon minti biyar kafin in tara kamar yadda ta koya mini, ina ta waƙa. Ruwan garau, ya fi idon kifi haske. Na zuba hoda, na girgiza, na zauna ina ba ɗalibai labarin yadda zan karɓi kujerar Gwaggo nan da shekara biyu.

Minti uku ya fara canzawa. Minti goma ya wuce jan karkanjin jiya. Na kara da kati, ya haye layin da gida biyu. Shaida kuwa yana nan fari tas.

"Wankina ne," na ce. Ban taɓa roƙon Allah ya sa ni ce mai laifi ba sai ranar.

"Shaida ya ce ba wankinki ba ne. Amma sake."

Na sake. Na koma gida na sake ɗebowa da wata kwalbar. Gwaggo ta auna da hannunta a wani inji. Kwana uku, amsa ɗaya. Sai a lokacin na fara ganin gidanmu kamar baƙuwa: turken ragunan Baba yana jikin katangar da famfon yake, masai kuma taku bakwai ne daga wurin, na ƙirga.

"Manya ba ya kayar da su yau ko gobe," in ji Gwaggo. "Jarirai ne abin tsoro. Yana hana jininsu ɗaukar iska, sai ki ga leɓe ya yi duhu. Uwarki tana ba Habibu ruwa?"

Tana ba shi. Da cokali, duk lokacin da zafi ya tsananta. Ni ma na sha ba shi.

Na ce to Gwaggo ta gaya wa Umma a ɓoye, a daina ba Habibu, shi ke nan, Baba ba sai ya ji ba. Ko kuma a rubuta masa da Faransanci, tunda ba ya karantawa, a ce an gaya masa. Na faɗa da wasa. Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta ja kujera ta fara jera tib a katako.

"Shekarar babbar ambaliya," ta ce, "ruwa ya shiga labo ɗin nan har gwiwa. Wuta ta yi wata ba ta zo ba, firigo ya mutu da samfurin ruwan da na tara shekara biyu, na zubar da su da hannuna. Da ɗan abin da ya rage na auna rijiyoyi a wata unguwa da ruwa ya janye. Akwai gidan wani tela, rijiyarsu ta haye layi kamar taku. Matarsa ta ba ni shayi, tana goye da jaririya. Na dawo na rubuta rahoto mai kyau da Faransanci, shafi arba'in, na miƙa kwafi inda ake miƙawa, na sa ɗaya a durowar can. Bayan wata biyu na koma ɗebo wani samfurin. Matar ta fito babu goyo."



"Ruwan ne, Gwaggo?"

"Ban sani ba. Ban auna ba, ba zan faɗi abin da ban auna ba. Abin da na sani, takardar tana cikin durowata, ita kuma matar Larabci take ji, ni ma ina jin Larabci." Ta kife tib na ƙarshe. "Shekarar da ta biyo baya na fara kowa da rijiyarsa. Jaririn gidanku ɗaya ne. Na maƙwabta nawa ne?"

Ranar Juma'a bayan la'asar ta zo gidanmu. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar dalbejiya, Umma ta kawo shayi, Habibu na cinyarta. Baba ya dawo daga kasuwa yana cikin raha, har da tsarabar ƙoda. Na durƙusa na ajiye tib biyu a gabansa, ɗaya fari ɗaya ja. Ni da ake cewa ko a barci ina magana, sai da na nemi muryata kamar ɓatacciyar allura.

"Baba, wannan jan ruwan famfonmu ne."

Na yi bayani. Da na zo kan turke da masai, fuskarsa ta canza.

"Ke, 'yar nan, sati uku kika yi a makarantar manya har kin fi ni sanin ruwan da nake sha? Ruwan da ya fi na kanti haske?"

"Ba a ganinsa, Baba."

"To a tafasa."

"In an tafasa ƙaruwa yake yi. Ruwan ne ke tafiya tururi, shi ya zauna."

"A sa alif. A tace da ƙyalle."

"Ba ya fita."

Ya juya wurin ƙanwarsa. "Balki, ke kika kitsa mata wannan? Famfon uwarmu?"

"Yaya, ni shayi na zo sha," in ji Gwaggo, ta kurɓa abinta.

"Wannan yarinyar da ta kai miki karkanji a matsayin ruwa? Ai na ji labari!"

"Shi ya sa na sake sau uku, Baba," na ce. "Na so ya zama laifina. Ga shaida nan, fari ne. Kai da Umma ba zai kayar da ku yanzu ba. Habibu ne. Da jaririyar gidan Musa makaniki, da tagwayen bayan layi."

Umma ta miƙe da Habibu a kafaɗa, ta shiga ɗaki ta fito da ɗan kofinsa mai cokali a ciki, ta juye ruwan a gindin dalbejiya, ta dawo ta zauna. Ba ta kalli kowa ba. Baba ya bi ta da ido har ta zauna, sannan ya kai babban yatsansa ya ɗan buɗe leɓen Habibu ya duba. Ja ne, lafiya lau. Ya daɗe yana dubawa.

"Wanka da wanki fa?"

"Babu laifi. Sha ne da girki."

Ya tashi ya fita. Na bi shi, don na zata guduma zai ɗauko, ko ya fasa famfon ko ya fasa ni. Ya tsaya gaban simintin da sunan Hajiya Kaka yake. Ya sa hannu a igiyar kofin silba. Ƙullin ya shekara uku yana shan ruwa da rana, ya ƙi kwancewa. Wuƙarsa na ƙugu, amma bai yanke ba, da farce ya yi ta fama har ya warware.

Ya ƙwala wa yayana kira ya ce ragunan nan su kwana a filin bayan gida yau, turken kuma a tone shi. Ya ce a fito da babbar randar Hajiya daga ɗakin ajiya a kafa ta a ƙofa, masu kura su riƙa cika ta da ruwan babban famfon bakin titi.

"Shi ma wannan ruwan, wa ya auna shi?" ya tambaye ni.

"Babu, Baba."

"Gobe ki auna. Ba a gorar karkanji ba." Ya gyara hularsa. "Yanzu sa takalminki. Ni zan yi sallama, ke za ki yi bayani. Gidan Musa za mu fara."

Gida goma sha ɗaya muka shiga kafin magariba. Larabcina bai taɓa shan wahala irin ta ranar ba, don babu wanda ya koya mini yadda ake cewa nitrat a gaban tsohuwa mai carbi. Wata ta ce ai ruwan Allah ne, Baba ya ce turken kuma nasa ne, shi ya kafa shi a wurin.

Da muka dawo randar na ƙofa, an cika ta. Gwaggo na kan tabarma inda muka bar ta. Baba ya zaro kofin silba daga aljihun rigarsa ya miƙo mini.

"Sadakar Hajiya ba ta ƙare ba, wuri ta sake. Wanke shi kafin in ɗaura. Irin wankinku, sau uku."

Na wanke, na ɗauraye sau uku da ruwan randa. Na kama gefen mayafina zan goge, sai na ji Gwaggo ta yi gyaran murya daga kan tabarma. Na saki mayafin, na kife kofin a kan murfin randa, muka tsaya ni da Baba muna jira ya bushe.